A Shirya Tun Kafin Kogi Ya Kawo

Duk wanda ya san ƙasar Batsari da Safana da rani kaɗai, in aka yi masa maganar haɗarin jirgin ruwa a can, sai ya ɗauka wasa ake yi. Abin da zai tuna shi ne duwatsu da fako da koguna masu yashi, inda yara ke wasa, mata na tonon ruwa da ƙwarya, masu jakuna da babura suna ratsawa ba tare da sun jiƙa ƙafa ba. To, amma daga watan Yuli zuwa Satumba waɗannan koguna sukan zama wani abu dabam. Ruwan da aka sheƙa a can nesa yakan iso cikin 'yan sa'o'i, ko da kuwa ba a yi ɗigo ba a inda mutum yake tsaye, sai a wayi gari kogi ya kawo, ya raba manomi da gonarsa, ya raba mai naƙuda da asibiti, ya raba ɗan makaranta da ajinsa. A wannan lokaci ne jama'a ke shiga kwale-kwale, ko su rungumi gora, ko kuma su tattare riga su faɗa ruwa da ƙafa, suna fatan Allah ya fisshe su.

Yankin nan ba shi da babban kogi irin Kwara ko Binuwai, amma ruwan da yake da shi ya isa ya ci mutum. Kogin Karaduwa, wanda aka datse a Zobe kusa da Dutsin-Ma a 1983, yana gangarawa yamma ne ya zuba a Bunsuru, shi kuma ya nufi Zamfara kafin ruwansa ya kai Gulbin Rima. A arewa kuma akwai Kogin Gada da madatsar Jibiya. Ban da waɗannan, ga rafuka da ƙoramu ba iyaka, ga kududdufai, ga ramukan da masu aikin hanya suka haƙa suka bari, waɗanda kan cika su batse da damina. Mutanen Jibiya ba su manta da watan Yuli na 2018 ba, lokacin da ruwan dare ɗaya ya tumbatsa kogi ya shiga gari, aka rasa rayuka fiye da 40.

Abin da ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana shi ne yadda haɗarin kwale-kwale ya zama ruwan dare a ƙasar Hausa da maƙwabtanta cikin 'yan shekarun nan. Ran 26 ga watan Mayu na 2021 wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja ya nufi Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ya dare a tsakiyar ruwa ɗauke da mutum fiye da 150, kimanin 20 kaɗai aka tsamo da rai. Ran 30 ga Nuwamba na wannan shekara kuma, a madatsar Watari ta Bagwai cikin Jihar Kano, 'yan makarantar Islamiyya da suka fito daga ƙauyen Badau za su wajen Mauludi suka nutse, aka tsamo gawa 29 tun a kwana na farko. A watan Afrilu na 2022 mutum 29 suka halaka a Shagari ta Jihar Sakkwato, yawancinsu matasa da suka fita neman itacen girki. Ba a yi wata guda ba sai ga shi a gida, a Mai'aduwa, inda kwale-kwale ya kife da masu yawon ƙaramar Salla, aƙalla mutum 15 suka rasu, akasarinsu yara. A watan Satumba na 2024 manoman Gummi ne suka nutse a kan hanyarsu ta zuwa gona, a watan Agusta na 2025 kuma 'yan kasuwar Goronyo.

In mutum ya jera waɗannan labarai ya duba su da idon basira, zai ga kusan labari ɗaya ne ake ta maimaitawa, sunan gari kawai ke canzawa. Jirgi ya tsufa, an yi masa lodin da ya wuce ƙarfinsa, babu mai rigar kariya ko ɗaya, galibin fasinjoji mata ne da yara waɗanda ba su iya iyo ba, kuma a bakin gaɓa babu wani shiri na ceto sai masunta da 'yan sa kai da suka taho bayan aikin gama ya gama. Daga nan sai ta'aziyya, sai buhunan shinkafa, sai kwamitin bincike, sai kuma shiru har wata damina.

A yammacin Katsina akwai wani ƙarin dalili da ya sa maganar ta fi tsanani, watau rashin tsaro. Mutumin da ke zaune a gefen dajin Rugu ba kullum ne yake da zaɓin lokacin da zai tsallaka kogi ba. A ƙarshen watan Agusta na 2025, a Birnin Magaji ta Jihar Zamfara, wadda ke tsallaken wannan daji, mutanen da ke gudun 'yan bindiga suka yi cincirindo cikin kwale-kwale, ya kife da su, aka rasa aƙalla 13. Sun tsere wa harsashi, ruwa ya cinye su. Wanda ke gudun ceton rai ba ya tsayawa ƙirga fasinja, ba ya tambayar ko jirgi na yoyo. Saboda haka duk shirin da za a yi, dole ne ya kasance an yi shi tuntuni, yana nan a ajiye a bakin mashigi da kuma cikin kawunan mutane. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna so mu jawo hankalin mai karatu ga wani ɓangare na wannan al'amari da ba a cika tattaunawa ba. Su wane ne ke tsallaka koginmu da damina? Sau da yawa iyali ne: mai gida da uwargida za su gona, ko biki, ko gaisuwar mutuwa, ko asibiti, ita da goyo a baya, shi da buhu a ka, ga yara biyu ko uku a tsakani. A irin wannan tafiya, ɗan abin da aka sani game da ruwa yana wurin namiji ne. Shi ne ya yi wanka a kududdufi yana yaro, shi ne ya san inda ruwa ke da zurfi, waya ma a aljihunsa take. To, in shi ne ya fara faɗawa fa? In kuwa ita ce ta faɗa, shi kuma ya yi tsalle ya bi ta ba tare da ya san yadda ake ceto ba, sai a wayi gari gida guda an yi marayu. Wannan ba ƙaramar hasara ba ce, kuma ana iya kauce mata da ilimin da bai fi na yini guda ba.

A ƙasashen Turai da Amurka, inda miji da mata kan sayi ɗan ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska su shiga teku su biyu rak, an daɗe da gane wannan. Babbar ƙa'idar da ake koya musu ita ce, duk abin da ɗaya ya iya, lalle ɗayan ma ya iya shi, domin kuwa ba a san wanda tsautsayi zai fara faɗa wa ba. Matar takan koyi juya jirgi ta koma ta ɗauko mijinta in ya faɗa ruwa, ta koyi kiran neman agaji ta rediyo, ta san inda kowane kayan ceto yake ko da cikin duhu. Kuma ba sa barin abin a fatar baki, sukan jefa wani abu a ruwa su gwada ɗauko shi, sau da yawa, tun ana zaune lafiya.

Akwai labarin wasu ma'aurata 'yan Ingila, Maurice Bailey da matarsa Maralyn, wanda ya shahara a 1973. Suna kan hanyarsu ta zuwa Niyu Zilan cikin tekun Pasifik, ran 4 ga watan Maris, sai wani ƙaton kifi ya bangaji jirginsu ya huda shi. Kafin jirgin ya nutse suka hura ɗan jirgin roba na ceto, suka kwashi abin da za su iya na ruwan sha da abinci. Kusan wata huɗu suka yi suna yawo a kan teku, suna tarar ruwan sama, suna cin ɗanyen kifi da kunkurun ruwa, har sai da wani jirgin masunta na Koriya ta Kudu ya tsince su ran 30 ga Yuni. Abin lura a nan, matar ba ta ma iya iyo ba, amma ita ce ta riƙa lissafin abinci da ruwa, ta lanƙwasa fil ta mai da shi ƙugiya, ta kuma riƙa ƙarfafa wa mijin gwiwa duk lokacin da ya fid da rai. Akwai kuma darasi na biyu mai ɗaci: ba su ɗauki rediyon aika saƙo ba, wutar da ake harbawa sama don neman agaji kuma ta ba su kunya, shi ya sa jirage bakwai suka wuce su ba tare da sun tsaya ba. Abin da suka tanada ya raya su, abin da suka raina ya tsawaita wahalarsu.

Shekara shida bayan haka, a watan Agusta na 1979, guguwa ta afka wa jirage 303 da ke gasar tsere ta Fastnet tsakanin Ingila da Ailan, 'yan tsere 15 suka mutu. Da aka yi bincike sai aka tarar wasu daga cikinsu sun halaka ne bayan sun bar jiragensu sun koma na roba, alhali jiragen da suka gudu suka bari an same su daga baya suna nan a kan ruwa ba su nutse ba. Tun daga nan aka ƙara jaddada wa matuƙa cewa kada mutum ya rabu da jirginsa muddin yana bisa ruwa.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Runka ko Ruma da masu kuɗin Turai da ke yawon shaƙatawa a teku? Gaskiya ne, su nishaɗi ya kai su, mu kuwa larura ce. Amma ruwa bai san wannan bambanci ba, kuma darasin ɗaya ne. Kwale-kwalen katako in ya kife, sau da yawa ba ya nutsewa ƙasa nan da nan, sai dai in an ɗora masa kaya masu nauyi irin su babura da buhunan hatsi. Wanda ya riƙe gefensa ya fi wanda ya sake shi ya nufi gaɓa samun damar tsira, musamman in ba gwanin iyo ba ne, domin gaɓa takan yi kusa a ido, ta yi nisa a hannu. Wannan magana ce da ya kamata kowace mace da ke shiga jirgi ta ji ta, tun kafin ta sa ƙafa.

Haka kuma ya kamata a san abin da ke kifar da jirgi. Lodi ne kan gaba. In tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta cika shi. Ruwan da ya taru a cikin jirgi kuwa mugun abu ne, domin duk gefen da jirgi ya karkata nan yake kwarara ya ƙara masa nauyi, shi ya sa kwasar ruwa ba aikin da za a bari sai an ga dama ba ne, kuma bai kamata jirgi ya tashi ba tare da abin kwasa ba. Sai miƙewa tsaye. Da zarar jirgi ya yi tangal-tangal, abin da tsoro ke sa mutane yi shi ne su miƙe su ruga gefe guda, wannan kuwa shi ne ke ƙarasa kifar da shi. Zama a ƙasa, a tsakiya, shi ne magani. Miji da mata su yi shawara tun a gaɓa: wane yaro ne a hannun wa, kuma kowa ya san nasa. Maganar goyo ma abin dubawa ce. Uwar da ta faɗa ruwa da jariri ɗaure a baya, ita tana kokawar ɗaga kanta sama, shi kuwa fuskarsa na cikin ruwa, ga zani da mayafi sun jiƙe sun nannaɗe mata ƙafa. A sauko da yaro a riƙe shi a gaba kafin a shiga jirgi, a kuma tattare tufafi yadda ba za su harɗe mutum ba.

Masu ratsa kogi da ƙafa ko da babur su ma suna cikin wannan magana, watakila ma sun fi yawa a yankinmu. Mutane kan auna ruwa da zurfinsa, su manta da gudunsa. Ruwan da ya cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska nauyinsa tan guda ne. Masana sun nuna cewa ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, watau ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, mai zurfin santimita 60 kuwa yana iya tafiya da yawancin motoci. Ga shi kuma yashin ƙasan kogi ba ya zama wuri guda, inda aka taka jiya lafiya yau rami ne. Kogunanmu suna da hali guda mai kyau, watau yadda suke saurin kawowa haka suke saurin janyewa. Haƙurin 'yan sa'o'i a gaɓa yakan wadatar.

Sai batun ceto, inda a nan ne jarumtaka ke kashe mutane. Wanda ke nutsewa ba ya cikin hayyacinsa, duk abin da ya kama sai ya danne shi ƙasa don ya hau, ko da kuwa mijinta ne ko ɗansa. Sau da yawa ma ba ya iya ihu, domin numfashin da zai yi ihun da shi babu. Ƙa'idar da masu aikin ceto ke koyarwa a ko'ina cikin duniya ita ce a fara da miƙa masa wani abu, sanda ko gwangwala ko rawani ko zani, mai miƙawa yana kwance ko a durƙushe don kada a jawo shi. In ya yi nisa a jefa masa abin da ke tasowa a kan ruwa, an ɗaura masa igiya. Shiga ruwa shi ne na ƙarshe, kuma na wanda ya ƙware ne. A nan muna da wani makami da ke kowane gida amma ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, watau jarka. Jarkar lita 25 da babu komai a ciki, in an toshe bakinta da kyau, tana iya ɗaga nauyin da ya haura kilo 20 a ruwa, alhali rigar kariya ta manya abin da take ɗagawa kilo 10 ne zuwa 15, kuma wannan ya isa ya riƙe kan mutum a sama. Ba mu ce jarka ta maye gurbin riga ba, domin riga tana jikinka ko ka suma, jarka kuwa sai ka riƙe ta. Amma kafin riguna su iso, jarka biyar da igiya mai tsawo a kowane jirgi da kowane mashigi ba su fi ƙarfin kowace unguwa ba. Kakanninmu da gora suka yi fito, dabarar ba baƙuwa ba ce.

In an tsamo mutum kuma, abin da aka saba yi a ƙauyukanmu shi ne a juya shi a danna masa ciki, ko a ɗaga yaro ta ƙafa a zazzage shi wai don ruwa ya fita. Likitoci sun hana wannan, domin ɓata lokaci ne, kuma yana iya sa amai ya koma cikin huhu. Abin da ke kashe wanda ya nutse rashin iska ne, ƙwaƙwalwa kuwa takan fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida in ba ta samu ba. Saboda haka in ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa a hura masa iska ta baki, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 30, a hura sau 2, a ci gaba da haka ba tsayawa, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti guda. In yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin huhun da ya sha ruwa yana iya rikicewa bayan 'yan sa'o'i. Karanta wannan a jarida bai isa ba, sai an gwada da hannu a gaban wanda ya iya. Kuma a nan ne amfanin koya wa miji da mata tare yake fitowa fili, tun da a al'adarmu namiji zai yi nauyin sa bakinsa a na matar da ba tasa ba, daƙiƙoƙin da zai ɓata yana shawara kuwa su ne rayuwarta. In akwai mata da suka iya a kowane ƙauye, wannan matsala ta kau.

Mun san za a ce ai komai ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko da riga goma zai tafi. Babu mai musun ƙaddara. Amma malamanmu sun sha bayyana cewa riƙo da sababi ba ya cin karo da tawakkali, kuma mutumin da ke kulle shagonsa da dare, ya kuma yi wa shanunsa allura, bai kamata ya tuna da ƙaddara sai a bakin kogi kaɗai ba. Muna roƙon limamai su sa wannan a huɗubobinsu na farkon damina.

Yanzu sai mu juya ga hukuma. Doka dai akwai ta. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida ta Ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, tana da ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 da suka wajabta sa rigar kariya, suka hana lodin wuce kima da tafiyar dare. A 2025 Ma'aikatar Harkokin Teku ta Tarayya ta fara rabon riguna 42,000 ga jihohi 12 masu yawan zirga-zirgar ruwa. Wannan abin yabo ne. Amma kowa ya san idon Gwamnatin Tarayya yana kan manyan koguna ne, kuma ba mai tsammanin ganin jami'in NIWA a bakin wata ƙorama ta bayan Safana wadda ba ta da ruwa sai wata uku a shekara. Irin waɗannan mashigai, in ba Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomi suka kula da su ba, babu mai kulawa.

Aikin farko kuwa ba ya bukatar kwangila. A ƙirga mashigan. Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen ayyuka da na lafiya da na ilimi, tana da kansiloli, kuma Sarkin Ruma Hakimin Batsari da Yariman Katsina Hakimin Safana suna da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane rafi da sunansa. Cikin mako biyu za a iya rubuta inda ake tsallakawa, jirage nawa ne, na wane ne, mutum nawa kowanne ke ɗauka. A rubuta adadin da fenti a jikin jirgi yadda ko yaro zai gani, a ja layi a gefensa wanda in ruwa ya rufe shi ba za a tashi ba. A kafa sanda mai alama a kowane mashigin ƙafa, ja a sama, don matafiyi ya san lokacin da zai haƙura. Sannan a danƙa amanar wurin ga mutum guda sananne, Sarkin Ruwa in akwai, ko wani dattijo daga cikin masu fito, a ba shi ɗan alawus da ikon hana jirgi tashi. Riguna kuma a hannunsa za su zauna, ana ƙirga su, domin mun sha ganin kayan da aka raba da biki da 'yan jarida sun ɓace kafin shekara ta zagayo.

Shi ma mai fito a duba halinsa. Wata uku yake da su ya samu abin da zai samu, kuma kowane fasinja da ya bari a gaɓa kuɗi ne ya bari. In an ce ya rage lodi ba tare da an taimaka masa da gyaran jirgi ko daidaita kuɗin fito ba, ranar da babu mai kallo zai koma gidan jiya. Hukunci shi kaɗai ba zai yi ba.

Game da horo, ma'aikatan suna nan. Akwai Ƙungiyar Red Cross, akwai 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, akwai 'yan kwana-kwana da Hukumar Agajin Gaggawa ta Jiha, ga kuma dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023, waɗanda 'yan asalin waɗannan garuruwa ne. Yini biyu na koyon ceto da taimakon farko ba zai rage musu komai ba. Ma'aikatan lafiya mata da ungozomomi su koya wa mata a ranakun awo da rigakafi. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, waɗanda madatsar Zobe ke kusa da su, su ne ya fi dacewa su fara koya, su kai gida lokacin hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, yara ƙanana na cikin waɗanda abin ya fi shafa, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 25 ga Yuli na kowace shekara don faɗakarwa a kan haka. Ranar ta faɗo daidai lokacin da kogunanmu ke fara cika, makarantunmu na iya amfani da ita. Ƙasar Bangaladash ta rage mutuwar yara a ruwa ta hanyar koya musu iyo a kududdufan ƙauye da aka kewaye da gora, da kuma tara ƙanana a hannun mace guda a lokacin da iyaye mata ke aiki.

Kada kuma a dogara da wayar hannu kaɗai. Lambar neman agaji ta ƙasa, 112, tana da amfani inda akwai sabis, amma mutanen Batsari da Safana sun ga yadda aka yi watanni babu waya a 2021 lokacin da aka katse layuka saboda tsaro, kuma ko da waya ta shiga, motar agaji daga Katsina ba za ta iso cikin minti shida ba. Usur a wuyan mai fito, da ganga ko lasifikar masallaci a ƙauye, da mutanen da suka san abin da za su yi in sun ji, su ne agajin da zai iso a kan lokaci. Hasashen damina da hukumomin NiMet da NIHSA ke fitarwa kowace shekara shi ma a daina barinsa a cikin fayil, a fassara shi a karanta a rediyo da kasuwanni.

Maganin dindindin dai gada ce, wannan kowa ya sani, kuma muna fata Gwamnati za ta sa mashigan da suka fi cin rai a gaba cikin ayyukan hanyoyin karkara. Amma gada tana cin shekaru da miliyoyin Naira, jarka da igiya da fenti da horon yini biyu kuwa ba su kai kuɗin taron bita guda a otal ba. Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana da su sa wannan a kasafin kuɗinsu, su kuma tabbata kayan sun isa bakin ruwa kafin ƙarshen watan Mayu, Majalisar Dokokin Jiha kuma ta nemi a kawo mata jerin mashigan da sunan wanda ke kula da kowanne.